Jibin Makanike: Daga Birnin Kudu Zuwa Gwaram

 A makon nan ina so in ba ku labarin wata tafiya da na yi cikin hunturun 2024, daga Kano zuwa Gwaram. Tafiya ce wadda ya kamata in gama ta tsakanin hantsi da azahar, amma sai da na kwana biyu a hanya, motar da ta ɗauko ni kuwa ta kwana 24. Da yawa daga cikinku da kuɗin mota a ke yi muku cefane, ko mijinki ne direba, ko mahaifinki, ko wanki. Don haka ku saurara da kyau, domin ran da mota ta yi karo, tambayar farko bayan "ina fata ba a ji ciwo ba" ita ce "yaushe za a gama gyara?" Ni dai yanzu na san amsar, kuma da idona na gan ta.

Dalilin tafiyar biki ne. 'Yar ƙanwar maigidana za a aurar a Gwaram, ni kuwa aka ɗora wa sayen kwanuka da tangaran a Kano. Ƙanen maigidana, wanda ya ke zaune a can Gwaram yana haya da wata ƙaramar mota Golf, shi ya zo ya ɗauke ni da kayan. Muka bar Kano da safe, muka haye gadar Wudil, muka wuce Kwanar Huguma inda masu zuwa Dutse su ke rabuwa da mu. Daga Kano zuwa Birnin Kudu kamar mil 80 ne. In kin kusa isa, za ki ga ƙasa ta sake kama. Manyan duwatsu su fara fitowa daga cikin gonaki, wani bisa wani, ga kuka da tsamiya da ɗorawa, ga karan dawa an tara bayan girbi.

Muna gab da shiga gari sai wata a-kori-kura cike da buhuna ta fito daga wata 'yar hanya ta hau kwalta ba tare da ta tsaya ba. Ƙanen maigidana ya taka birki, ya karya sitiyari, amma ina! Sai ji na yi ƙum, gwiwata ta bugi kujerar gaba, kwanuka suka ɗauki ƙara a baya. Allah ya kiyaye, ba wanda ya rasa rai, ba wanda ya karye. Da muka fito sai muka ga gaban motar ta hannun dama ya lotse, fitila ta tarwatse, murfin injin ya tanƙware, ruwa yana tsiyaya daga lagireto, tayar gaba kuma ta karkace tana kallon wani wuri dabam.

Nan da nan jama'a suka taru, kowa yana "sannu, Allah ya tsare gaba." Aka kai ni babban asibitin Gwamnatin Tarayya da ke garin, aka duba gwiwar aka ce buguwa ce kawai. Mota kuwa aka ɗaura mata igiya aka ja ta zuwa wani gareji a bakin hanya, ƙarƙashin bishiyar maina. Da na dawo daga asibiti na tarad da maigidan garejin, wani dattijo mai furfura, yana zagaya motar. Na gaishe shi na ce, "Malam, yaushe za mu samu?" Ya ce, "Hajiya, in Allah ya so, jibi." Jin haka sai na ce ba sai na sauke kaya na nemi wata mota ba, bari in sauka gidan goggona a cikin gari in jira.

Da na gaya wa goggo abin da makanike ya ce, dariya ta yi. Ta ce, "'Yar nan, jibin makanike ai ba a lissafa shi da yatsu biyu. Ki dai sha fura ki huta, gobe yara su kai ki ki ga gari."

Haka kuwa aka yi, kuma ban yi da-na-sanin wannan jira ba. Birnin Kudu tsohon gari ne, hakiminsa shi a ke kira Sarkin Kudu. Da yana cikin ƙasar Kano, sa'an nan da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, ya faɗa cikinta. Gwamnan farar hula na farko na jihar, Ali Sa'ad Birnin Kudu, ɗan garin ne, shi kuma Sule Lamido wanda ya yi gwamna daga 2007 zuwa 2015 mutumin Bamaina ne, nan kusa. Akwai tsohuwar makarantar gwamnati ta maza inda marigayi Abubakar Rimi ya yi karatu, haka ma Aliko Ɗangote. Amma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne duwatsu. A jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe akwai zanen shanu wanda mutanen da suka yi, har yau ana iya gani. Shanun nan dogayen ƙaho gare su, amma ba su da tozo irin na shanunmu. Har wa yau akwai waɗansu duwatsu waɗanda in an ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse su kan yi amo kamar ƙararrawa. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya rubuta labarinsu a 1956, daga nan sunan garin ya shiga littattafan duniya. 'Yan makaranta, in an tashi kai ku yawon buɗe ido, ku roƙi malamarku ta sa Birnin Kudu cikin lissafi.

To, jibi ta yi, na koma gareji. Mota tana nan yadda muka bar ta, ko kusa ɗaya ba a kwance ba, sai ƙura da ta lulluɓe ta. Raina ya ɓaci, har na fara yi wa dattijon nan magana mai zafi. Shi kuwa bai yi fushi ba. Ya sa yaro ya kawo mini benci, ya ce, "Hajiya, zauna in gaya miki gaskiya. Da na ce jibi, nufina in an kawo kuɗi da kaya yau, jibi za ki ga aiki ya yi nisa. To, wa zai biya? Har yanzu ba a yanke ba. In na taɓa motar nan kafin su daidaita, gobe wancan ya ce ba haka ɓarnar ta ke ba, wa zai yi shaida?"

A nan na fara gane cewa gyaran mota bayan karo hawa-hawa ne, kuma guduma ba ita ce ta fari ba. Bari in jera muku matakan yadda suka auku a kanmu.

Na farko, sulhu. Direban a-kori-kura ya amsa laifi, amma motar ba tasa ba ce, mai ita yana wani gari. Aka ce ya kawo takardar inshora, da aka duba sai aka ga ta jabu ce, a bakin hanya aka yanka masa. Sai da mai motar ya zo, shugabannin direbobi na tasha suka zauna da su, aka yi ta ja, kana aka yanke cewa shi zai biya kashi biyu cikin uku, mu mu cika sauran. Wannan kaɗai ya ci kwana 4.

Ni dai ban jira ƙarshen wannan ba, don biki ba ya jiran makanike. A rana ta uku na kwashe kwanukana, waɗanda uku ne kawai suka lotse a ciki, na shiga wata mota zuwa Gwaram. Tafiyar kamar ta awa guda ce. A Babaldu hanya ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Ningi da Bauci, tamu kuwa ta yi gabas. Ƙasar Gwaram ƙasar noma ce da kiwo, a cikinta Sara ta ke, mai babbar kasuwar nan ta hatsi da riɗi da dabbobi wadda fatake su ke zuwa daga nesa. Gwaram ɗin kanta biyu ce, akwai Tsohuwa akwai Sabuwa. In kin wuce gaba sai Basirka, daga nan kin kusa shiga Jihar Bauci. A kan wannan hanya ta Gwaram zuwa Basirka ne, cikin Agusta 2021, ruwan sama ya karya gada a Radabi, motoci suka afka, mutum 21 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Duk wanda ya ke neman abinci bisa hanyar nan ya san ba wurin wasa ba ne.

A Gwaram gidan faccalata na sauka, watau matar mai Golf ɗin. Aka yi biki aka watse, ni kuwa ta riƙe ni, ta ce in zauna har mota ta dawo mu koma Kano tare. A gidan nan ne na ga ɗaya fuskar al'amarin, wadda masu gareji ba su gani. Gida ne mai 'ya'ya biyar da tsohuwa, kullum abin da mota ta kawo da yamma shi a ke ci gobe. Da mota ta tsaya sai kome ya tsaya. Mako na farko aka ci abin da ke rumbu. Mako na biyu nama ya ɓace daga miya, yarinyar da ke sakandare aka aiko a kawo kuɗin littafi aka ce ta yi haƙuri. Faccalata ba ta zauna ba, ta kama suyar awara da ƙuli-ƙuli, yara suna kaiwa bakin tasha.

Wannan ya kawo mu ga mataki na biyu, neman kuɗi. Mai a-kori-kura ya kawo rabin nasa ya ce sauran sai ya sayar da kaya. Namu kason kuwa, sai da faccalata ta roƙi uwar adashi ta ba ta kwasar wata mata suka yi musaya, ta kuma ba da akuyarta guda aka kai kasuwa. Kwana 6 ke nan kuma suka wuce, mota tana ƙarƙashin maina.

Na uku, kayan gyara. Ku sani, irin wannan Golf da a ke kira Golf 3 a Jamus aka ƙera ta, an fara yin ta a 1991, watau sa'ar Jihar Jigawa ce, kuma tun kafin shekarar 2000 aka daina yi. Saboda haka yawancin abin da a ke sa mata tsofaffin kaya ne da aka kwance daga motocin Turai, su sauka Legas ko Kwatano, sa'an nan su hauro Arewa. Ƙananan abubuwa a kan samu a Birnin Kudu ko Dutse, amma manya sai an je Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 kuma tsadarsu ta ƙaru ƙwarai. Aka aika yaro Kano ya sayo lagireto da fitila da ƙarfen ƙafa. Da ya dawo aka gwada sai aka ga fitilar ta hannun hagu ce, alhali ta dama ta fashe. Ya sake komawa. Kwana 4.

Na huɗu, aikin hannu. Wannan ƙanen maigidana ya ba mu labarinsa, don kullum yana can. Gareji ba mutum ɗaya ba ne. Akwai mai bugun jiki, akwai mai walda, akwai makaniken inji da ƙafa, akwai mai gyaran waya, ga kuma mai fenti, kowa sai ya jira na gabansa ya gama. Abin da ya fi wuya shi ne ƙashin motar, wanda su ke kira shasi. Karon ya tura shi ciki, sai da aka ɗaure motar da sarƙa a jikin bishiya aka riƙa ja kaɗan kaɗan, ana aunawa daga wannan kusurwa zuwa waccan, har awon hagu da na dama suka zo daidai. In ba a yi haka ba, mota ta kan yi tafiya a karkace kamar kaguwa, ta riƙa cin taya gefe guda, ta kuma riƙa fizgar sitiyari in an taka birki. Bayan wannan aka sa ƙarfen ƙafa, aka ɗaura lagireto, aka haɗa wayoyin fitila. Rana ɗaya babu wuta, babu kuma man janareta, walda ta tsaya. Duka kwana 5.

Na biyar, fenti. Ashe ba shafawa kawai a ke yi ba. Sai an cike 'yan ramukan da guduma ta bari da wani abu mai kama da ƙulli, a bari ya bushe, a goge da samfefa, a sake cikewa, a sake gogewa, a fesa na ƙasa, kana a fesa launi. Ga shi lokacin hunturu ne, iska tana ɗauke da ƙura, in ta sauka a ɗanyen fenti sai ya yi gursa-gursa. Don haka sai da sassafe a ke fesawa, bayan an yayyafa wa ƙasa ruwa. Da damina kuma, in ji su, laima ce ta ke hana shi bushewa. Kwana 4. Sa'an nan rana ɗaya ta gwaji, aka daidaita tayoyi, aka hau kwalta aka ji yadda ta ke.

To, 'yan makaranta, ku ɗauko alli. Sulhu 4, neman kuɗi 6, kaya 4, jimla 14. Bugu da walda 5, fenti 4, gwaji 1, jimla 10. Kun ga cikin kwana 24 ɗin nan, kwana 10 ne kawai aka taɓa motar. Sauran 14 jira ne, kuma ba makanike a ke jira ba. Da an sami takardar inshora ta gaske da ɗan kuɗi a ajiye, da kwanakin jiran nan sun ragu da yawa.

Kada ku ɗauka kowane karo haka ya ke. Na tambayi dattijon nan ran da muka zo ɗaukar mota, ya ce in ƙujewa ce ko fashewar fitila, kuma akwai kaya a hannu, wuni ɗaya ko biyu ya isa. In ƙofa ce ta lotse har sai an yi fenti, a ba shi mako guda. In ƙashi ya taɓu, a yi zancen mako biyu zuwa sama. In kuwa inji ya fashe ko mota ta wuntsila, wani lokaci sai an yi watanni, wata ma ba ta tashi har abada, sai a sayar wa masu kwancewa. Ya ƙara da cewa da gangan masu ƙera mota su ke yin gabanta yadda zai lotse, don ƙarfen ya shanye bugun maimakon ƙirjin mutum. Watau lotsewar nan da muka yi baƙin ciki da ita, ita ce sanadin da na fito da gwiwa kawai. Ko a Ingila da Amurka, inda kamfanin inshora ya ke aiko mai duba ɓarna, a kan yi jiran amincewarsa, a kuma yi jiran kaya. Bambancin kawai, can takarda a ke jira, mu nan akuya mu ke jira a sayar.

Yanzu ga shawarata gare ku, uwayen gida.

Da fari, ki tambayi maigida takardar inshorar motarsa, ki sa 'yarki mai waya ta duba ko ta gaske ce, don ana iya dubawa da lambar mota. Doka ta tilasta wa kowace mota inshorar nan mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani. Daga Janairu 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mai da kuɗinta ga motar gida Naira 15,000 a shekara maimakon 5,000, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya zuwa Naira miliyan 3. Na motocin haya ya ɗara haka. Daga 1 ga Fabrairu, 2025, 'yan sanda suka fara tsananta binciken ta. Amma ku lura, wannan ba ta gyara motarka, ta wanda ka buga ta ke gyarawa. Mai gyara taka dabam ce, ta kuma fi tsada.

Na biyu, gidan da ke ci daga mota ya kamata ya sami abin da zai riƙe shi wata guda in ta tsaya. Ko adashi ne, ko 'yar tunkiya, ko buhun dawa da ba a taɓawa. Ran da mota ta kawo da yawa, ki cire kaɗan ki ɓoye.

Na uku, in abu ya faru, Allah ya kiyaye, a fara da mutane kafin ƙarfe. A kai wanda ya bugu asibiti ko da ya ce lafiya ya ke. Lambar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ce 122. A ɗauki hoton motocin kafin a ja su, sulhu kuma a rubuta shi a gaban shaidu.

Na huɗu, kada a tambayi makanike "yaushe" kawai. A ce masa, me da me za a sayo, a ina a ke samu, aikin hannu kwana nawa ne bayan kaya sun iso. In ya amsa waɗannan, ke da kanki za ki iya lissafin jibinsa.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi muhimmanci. A cikin mako na uku, ranar da aka gama ƙafa ba a daidaita tayoyi ba, ƙanen maigidana ya dawo ya ce zai karɓo motar haka nan ya yi lodin kasuwa biyu tukuna. Ina zaune na ji faccalata ta ce masa, "Malam, mun ci tuwo ba nama kwana 19, ba za mu kāsa kwana 5 ba. Yaran nan uba su ke so, ba nama ba." Ya yi shiru, ya bar maganar. 'Yan'uwa, sau da yawa ƙorafinmu ne a cikin gida ya ke sa namiji ya fito da mota ba ta warke ba, ya ɗebi 'ya'yan mutane a ciki. Sauri ya haifi nawa. Fenti a iya jinkirta shi har kuɗi su samu, amma birki da sitiyari da taya da fitila ba a ɗaga musu ƙafa.

Ran kwana na 24 mota ta iso Gwaram da la'asar, yara suka bi ta da gudu suna ihu. Kashegari muka kama hanyar Kano. Da muka zo Birnin Kudu na ce a tsaya, na shiga na gai da goggo, na kuma je na ba dattijon garejin haƙuri bisa maganar da na yi masa. Ya yi murmushi ya ce, "Ba kome Hajiya, ai jibin ta zo."

Duk wadda irin wannan ya taɓa samun gidanta, ta rubuto mana yadda ta yi ta riƙe iyalinta, don sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya tsare matafiya, ya dawo mana da mazajenmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.